Shekarar da Muka Kai Innarku Wurin Na'ura

Da sunan Allah, Masanin abin da ƙiraza suka ɓoye. Wannan babi naku ne ku uku, Lawal da Dije da Kabiru, amma ke Dije na fi nufi, domin ke kika yi maganar da ta raba gidan nan, kuma har yau ba ki janye ta ba. Ranar sadakar ukun mahaifiyarku kin ce yayanki Lawal ya ɗauke ta ya kai ta ƙasar waje an gwada na'ura a kan zuciyarta, na'urar kuma ita ta kashe ta. Tun daga ranar ba ki taka gidansa ba. Zan faɗi abin da ya faru bi da bi, na farko kafin na biyu, kamar yadda kuka san ni. Kada kowa ya tsallake zuwa ƙarshe.

Kafin a zo kan ciwon, akwai abu biyu game da Innarku da kuka sani amma ba ku auna nauyinsu ba. Na farko, a ruga aka haife ta, bayan Runka, kuma ta zo gidana da kunyar mutanenta cif. Lawal ɗan fari ne, saboda haka ba ta taɓa kiran sunansa ba. Yana yaro, in zai ci abinci sai ta ajiye kwanon ta kau da kai. Da ya girma ya zama malamin makaranta a Katsina, in ya zo gaishe ta sai ya durƙusa daga bakin ƙofa, ita kuma ta amsa tana kallon bango. In tana da magana da shi sai ta ce, "Ku gaya wa yayanku," alhali yana zaune yana ji. Ba ta taɓa roƙonsa kome ba, shi ma bai taɓa roƙonta ba. Ku ƙanana kuna hawa cinyarta, kuna yi mata gardama. Shi bai san wannan ba.

Na biyu, ita ke yi wa mata wankan gawa, tun muna Runka har lokacin da ɓarayin daji suka tashe mu muka dawo cikin Safana. Aikin yana da ƙa'ida. Ana rufa wa mamaciya mayafi daga wuya zuwa gwiwa, mai wanka ta naɗe hannunta da ƙyalle ta sa a ƙarƙashi, wata kuma ta riƙa zuba ruwan magarya. Abin da hannu ya taɓa, baki ba ya faɗa. A duk zaman da muka yi ban taɓa jin ta ce wance ramammiya ce ko wance tana da tabo ba. To, shekarun baya an kawo gawar matar wani ɗan kasuwa da aka taɓa yi wa aikin zuciya. Innarku ta yi wankan, wata yarinyar mace daga dangin mijin ta zuba ruwa. Yarinyar ta leƙa. Kafin a dawo daga maƙabarta magana ta gama unguwa, wai an tsaga baiwar Allah daga wuya zuwa ciki kamar akuyar layya, an ɗaure ƙashin da waya. Matan da suka zo gaisuwa wannan suka riƙa raɗawa a maimakon addu'a. Innarku ta dawo gida ba ta ci abinci ba. Daga ranar ta kafa doka: duk wadda za ta zuba mata ruwa sai ta juya fuska ga bango, ta zuba da jin murya. In ta ce zuba, a zuba. In ta ce tsaya, a tsaya.

Yanzu ciwon. Ya fara da haki. Matar da ke tafiya daga Runka zuwa ruga da ƙwarya a ka ta koma ba ta iya share tsakar gida sai ta zauna. Ƙafafunta suka kumbura, ba ta iya kwanciya sai an jingina ta da matasai. Muka je asibitin Batsari, suka tura mu Katsina, Katsina suka tura mu Kano. A can aka ɗauki hoton zuciyar, likita ya zana mana a bayan takarda. Ya ce zuciya ɗakuna ce, tsakanin ɗaki da ɗaki akwai ƙofa, to ita ƙofa ɗaya ta ƙanƙance ta yi tauri, ba ta buɗewa sosai kuma ba ta rufuwa sosai. Ya ce wani zazzaɓin ƙuruciya ne ya bar mata wannan. Magani zai rage kumburi, amma ba zai gyara ƙofa ba. Ya ce bayan ƙaramar salla wasu likitoci za su zo su yi irin wannan aiki, zai sa sunanta.

Ta tambaye shi ta ina ake shiga.

Ya ɗora yatsa a ƙasan maƙogwaronsa ya ja shi zuwa saman ciki. Ya ce ana raba ƙashin ƙirji, in an gama a mayar a ɗaure da waya.

Ta gyara mayafinta ta ce, "Malam, tashi mu tafi."

A cikin mota na yi mata faɗa, a gida na yi mata nasiha, na kawo liman ya gaya mata neman magani ba ya karo da tawakkali, kuma tabo ba ya hana mutum kwanciyar kabari. Ta saurare shi da ladabi har ya gama. Da ya fita ta ce mini:

"Ba zan faɗa maka abin da hannuna ya taɓa ba, Malam. Amma ni ba za a yi mini ba. Na suturta matan garin nan, ba zan zama abin hirarsu a gidan makoki ba. Yadda Allah Ya kawo ni haka zan koma."

Ke Dije kina nan ranar, kin zo daga gidanki na Batsari. Kin yi kuka, kin ce Inna wannan taurin kai ne. Ta ce miki, "A wurin ubanki kika gani, ba a wurina ba." Aka yi dariya, maganar ta mutu. Salla ta wuce, likitocin suka zo suka tafi. Ku riƙe wannan da kyau: lokacin da ta ƙi aikin Kano, babu wanda ya taɓa jin labarin wata na'ura a gidan nan. Ta riga ta zaɓi ta zauna da ƙwayoyin maganinta har ranar da Allah Ya yi.

Sai da aka yi shuka Lawal ya zo da wayarsa. Bai nufe ta ba, ni ya nufa, muna zaune a rumfa ita tana ɗaki ƙofa a buɗe. Ya nuna mini hoto mai motsi. Ga mutum a kwance an lulluɓe shi, ga wani ƙarfe tsaye a kansa da hannuwa huɗu sirara kamar ƙafafun gizo. Likita ba ya ma kusa da gadon, yana can gefe a zaune ya cusa fuskarsa cikin wani akwati yana motsa yatsu. Lawal ya yi mini bayani. Ya ce ana huda ƙananan ƙofofi tsakanin haƙarƙari, ta gefen dama, a zura hannuwan da ƙaramar kyamara. Abin da likita ya yi da yatsunsa shi hannuwan ke yi a cikin ƙirji, su yanka, su ɗinke. Ba a taɓa ƙashi. In an warke sai 'yan tabo kamar na ƙaho. Ya ce a Indiya ana yi, ya yi magana da wani da ya kai mahaifinsa.

Ban ji fitowarta ba, sai na ga inuwa. Ta dafa ginshiƙin rumfar tana haki, ta miƙa hannu. Lawal ya rasa wa take miƙa wa, ya dube ni. Na ce ba ta. Ta riƙe wayar nesa da fuska ta kalla har ya ƙare, ta ce a mayar daga farko. Sa'an nan ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta dube shi a fuska.

"Wannan abin, ba ya fasa ƙashi?"

"Ba ya fasawa, Inna."

"Kuma ba shi da baki."

"Ba shi da baki, Inna."

"To ka kai ni."

Kabiru, kai kana wurin, kana gyaran babur a ƙofar zaure, ka ga yayanka ya fito yana share ido ka tambaye shi ko wani abu ya faru. Abin da ya faru ke nan. Mutumin da ya fara furfura, ranar ce uwarsa ta fara yi masa magana baki da baki, kuma roƙo ne. Ku faɗa mini wanda zai ce a'a.

Daga nan sai jira. Akwai fasfo, akwai biza, akwai asibitin can da ke ta neman a sake hoto a aika. Shanunta na gado suna hannun ƙanenta a ruga, su za a sayar, hanyar kuwa a daminar nan ba ta biyuwa, sai da aka yi ta aike kafin aka fito da abin da ɓarayi suka bari. Lawal ya sayar da filinsa bai gaya wa kowa ba, amma maganar ta kai kunnen Innarku. Duk wannan lokacin labari ya bazu. Mata suna shigowa suna cewa an ce mutum-mutumi zai yi wa Inna aiki. Goggo Tabawa, ƙawarta da suke wankan tare, ita ta fi kowa tsiya.

"Ke 'yar Fulani, mi kika sani game da inji? Ko na niƙa tsoro kike ji. In ya tambaye ki suna da Turanci, mi za ki ce mashi?"

"Zan ce Tabawa ta gaishe shi, tana neman miji."

Haka suke, amma ni ina ganin abin da ke faruwa. Gero ya yi kai, ita tana raguwa. Salla ta koma yi a zaune. Sau biyu na ce mata mu koma Kano mu tambaya ko akwai wani zuwan likitocin. Ta ce ta riga ta ba yayanku magana. Shi ma Lawal ya aiko Kabiru ya faɗa mata cewa in jiran ya yi yawa a yi na gida. Ta ce a gaya masa ba ta san shi da janye magana ba. Sai bayan an gama yankan dawa muka tashi, mu uku.

Ba zan ɓata muku lokaci da labarin jirgi da abincinsu ba. Asibitin ya ba mu tafinta, wani ɗalibi ɗan ƙasarmu mai hankali. Aka yi kwanaki ana gwaje-gwaje, sannan babban likitan ya kira mu ofishinsa da hantsi. Dattijo ne mai magana a hankali. Ya ce zai faɗa mana gaskiya. Ya ce na'urar ba ta da hankalin kanta, hannunsa ne aka ƙara wa tsawo da siranta, kuma ta ƙaramar ƙofa aiki ya fi daɗewa. Dole a tsayar da zuciya, wani inji ya riƙe jini, a kuma saki huhu ɗaya ya kwanta domin hannuwan su sami wuri. Ya ce hoton farko da aka aiko masa, na Kano, ya nuna zuciyar da za ta iya jure wannan. Wadda ke gabansa yanzu ta kumbura, huhun ya gaji, ƙofar ta yi tauri kamar tsakuwa, kuma wata ƙofar ta biyu ta fara saki. Ya ce ba zai sa mata na'ura ba. Hanya ɗaya ta rage, a buɗe ƙirji a yi da sauri a fita, kuma ko wannan ba zai yi mana alkawarin shekaru ba.

Tafinta ya gama fassara ya sunkuyar da kai. Innarku ta ce tana so ta ga na'urar da idonta. Likitan ya ce akwai ɗaya a ɗakin da suke koyar da ɗalibai. Aka tura ta a keke muka bi ta. Ƙarfen yana tsaye a tsakiyar ɗaki, ya fi mutum tsawo, fari fat, hannuwan a naɗe kamar na wanda ke jiran a sallame shi. Wani ma'aikaci ya zauna gaban akwatin ya motsa yatsu, sai ga wani ɗan bakin ƙarfe da bai kai ƙwayar wake ba ya ɗauki zare ya ƙulla. Ta daɗe tana kallo.

"Ashe ba shi da fuska," in ji ta. "Matan Safana suna ta cewa mutum-mutumi."

Ta miƙa hannu ta shafa ƙarfen, kamar yadda ake shafa saniyar da za a rabu da ita. Sannan ta ce, "Na gani. Malam, a mai da ni gida."

Muka koma ɗakin da aka kwantar da ita. Na yi azahar a gefen gado, na san duk abin da zan faɗa na riga na faɗa a Safana. Lawal yana tsaye a bakin ƙofa inda ya saba tsayawa. Sai na ga ya tako ya shigo har gaban gadon ya durƙusa, ya kama ƙarfen gadon da hannu biyu.

"Inna, kin roƙe ni abu ɗaya na yi iyakar ƙoƙarina. Ni ban taɓa roƙonki kome ba. Yau ina roƙo. Ki bari a yi."

Ta juya fuska ga bango kamar kullum. Na ɗauka shi ke nan. Aka daɗe, har wata ma'aikaciya ta shigo ta duba ruwan da ake ƙara mata ta fita. Sannan na ji ta ce:

"Lawal."

Ni kaina sai da na waiga, domin ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Shi kuwa ya kifa goshinsa a kan ƙarfen gadon.

"Lawal, tashi, ƙasar da sanyi. Za a yi. Amma ka yi mini rantsuwa. In mun koma, ka ce ka kai ni an yi aiki. Kada ka ƙara, kada ka rage. Kowa ya ji ka ce za ka kai uwarka inda ba a fasa ƙashi. Ba za a ce ɗana ya sayar da fili ya kai ni bangon duniya aka yi mini abin da ake yi a Kano ba. Kuma ba za a yi hirar ƙirjina ba."

Ya rantse. Ni ba ta sa ni rantsuwa ba. Ta dube ni kawai ta ce, "Kai kuwa ban taɓa jin ka da surutu ba."

Aka yi aikin. Aka raba ƙashin, aka sa mata sabuwar ƙofa, aka ɗaure da waya. Na'urar da ake ta magana a kanta ko gefen zanenta ba ta taɓa ba. Ita ce ma ta taɓa na'urar.

Mun dawo da sanyi. Kun tuna yadda gidan nan ya cika. Ta sa an ɗinka mata riguna masu rufe wuya tun muna can, ta ce sanyi take ji. Mata suna tambaya, "Inna, da gaske mutum-mutumin ne?" Sai ta ce, "Na gan shi da idona, har na shafa shi." Ba ta yi ƙarya ba, ba ta kuma gyara musu zato ba. Suna fita suna sa wa Lawal albarka, ana cewa kowa ya haifi irinsa ya huta. Ina kallonta lokacin da ake faɗin haka. Tana kallon bango, amma na san fuskarta. Abin da ta kasa faɗa masa tun yana cikin zane, ta sa garin ya faɗa masa.

Dije, kin zo da kayanki za ki yi jinya, ta hana ki yi mata wanka. Kin yi fushi, kin ce mene ne amfanin 'ya mace. Ni na riƙa kai ruwa bayi, in rufe ƙofa, in wanke wurin in shafa magani. Maƙwabta suka sami abin dariya, wai Malam mai tsare gida ya koma ɗaukar bokiti. Goggo Tabawa ta ce da ta san haka inji ke gyara miji da ita ma ta je. Na ci gaba da ɗaukar bokitina. Tabon ya fara daga ƙasan wuya ya sauka, ja, da 'yan ƙulle-ƙulle a ƙarƙashin fata. Ba ta taɓa duban sa ba. In na kwance rigar sai ta rufe ido har in gama.

Ta sami sauƙi na wani lokaci, wannan gaskiya ne kuma ku shaidu ne. Ta yi azumin shekarar ba ta sha ko ɗaya ba sai da likitan Katsina ya hana ta. Ta taka da ƙafarta zuwa sunan ɗan Kabiru. Ta koma salla a tsaye. Amma dattijon likitan bai yi mana ƙarya ba, zuciyar ta riga ta gaji kafin a kai gare ta. Da zafi ya tsananta kumburin ya dawo. Ranar da aka yi ruwan farko, da safe, ta ce in buɗe taga ta ji ƙanshin ƙasa. Ta ce in kira mata Tabawa. Suka yi magana su biyu, ni ina waje. Kafin azahar ta cika. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta.

Abin da ya biyo baya kun sani. Ranar sadakar uku, a tsakar gidan nan, gaban surukai, Dije kika ce:

"Da an bar ta a hannun likitocin da ke aiki da hannunsu, da tana nan. Ka kai ta an koyi aiki da ƙarfe a kanta don a ce kai ɗan boko ne."

Lawal ya buɗe baki, na ga ya buɗe, sannan ya rufe. Ya sa takalmansa ya fita. Kabiru ma daga ranar ya rage zuwa Katsina. Da aka haifa wa Lawal 'ya ya sa mata sunan Innarku, ke ba ki je ba, ba ki aika ko da sabulu ba. Na kira shi na ce ya faɗa miki gaskiya. Ya ce, "Baba, abu biyu ta taɓa roƙona a duniya. Na farko ban iya cika shi ba." Ban ƙara matsa masa ba.

Na yi ta juya abin a raina damina biyu. Daga ƙarshe na je wurin Goggo Tabawa, na same ta tana tsinkar zogale. Bayan gaisuwa na ce mata ita ta yi wankan, ta san abin da ke ƙarƙashin mayafin, ta kira Dije ta faɗa mata, mace da mace.

"Mi na sani? Ni ban san kome ba, Malam. Hannuna ya yi aikinshi, na wanke shi."

Na ce gidan yana rabewa.

"Na gani, ina da ido. Amma in na buɗe baki a kan mutum ɗaya, wace mace za ta yarda in taɓa uwarta? Ita da kanta ta koya mani. Kai dai ba wanka ka yi ba, jinya ka yi. Ba ta ɗaure ka ba, ta dai yarda da kai. Ka je ka auna wanne ya fi nauyi."

Na auna. Ta ɓoye abin nan saboda dalili biyu, don kada a yi hirar jikinta, kuma don a girmama ɗanta. Na biyun ya juye ya zama abin da ake dukan ɗan da shi, kuma na san wanne za ta zaɓa in da za a tambaye ta, domin na ga ta zaɓa sau ɗaya a kan gadon asibiti. Saboda haka na yaye mayafin da ta rufa, a gabanku ku uku kawai. Wannan babi ba na surukai ba ne, ba na maƙwabta ba. In laifi ne, ni zan amsa mata, ba Lawal ba. Rantsuwarsa tana nan ba ta karye ba.

Ga yadda abin yake a jere. Ta ƙi aikin Kano da bakinta kafin kowa ya san na'ura. Na'urar ce ta fitar da ita daga ɗaki ta kai ta gaban likita, ba don ita ba da ko Katsina ba ta sake zuwa ba. Jiran ya cuce ta, wannan ban musa ba, amma an ba ta hanyar fita daga jiran ta ƙi. Aikin da kike cewa da an yi mata da tana nan, Dije, an yi mata shi, kuma yayanki ne kaɗai a duniya ya iya sa ta yarda. Azumin nan da ta yi da ku, da sunan da ta taka ta je, daga durƙuson da ya yi suka fito.

Abu na ƙarshe. Ranar wankan, Goggo Tabawa ba ta kira kowa daga dangi ba sai ke. Innarku ce ta ce a kira ki, a cikin maganar da suka yi da safen nan. Kin shiga, an ba ki butar magarya, aka ce ki juya fuska ga bango. Kin juya. Aka ce zuba, kika zuba, aka ce tsaya, kika tsaya, har aka gama aka naɗe ta. Tsakaninki da tabon nan bai kai kamu ɗaya ba. Da kin waiga sau ɗaya, da ba ki faɗi abin da kika faɗa ba, da ni ma ban zauna rubuta wannan ba. Ba ki waiga ba saboda tarbiyyarta ce a jikinki, kuma ta san ba za ki waiga ba, shi ya sa ta zaɓe ki. Ban ga laifinki a nan ba.

Amma yanzu kin sani. Motar Katsina tana lodi a tashar Batsari kowace safiya. Yarinyar ta fara tafiya, an ce in ta yi fushi bango take juya wa fuska. Uban ba ya iya kiran sunanta, Inna yake ce mata. Ki je ki gan ta. In kin shiga kada ki tsaya daga bakin ƙofa, an daɗe ana tsayawa a nan a gidanmu. Ki shiga ciki, ki kira shi da sunan da ƙanwa ke kiran wanta.